Reza a jakar matafiyi: wadda ke wucewa da wadda ake karɓewa a filin jirgin Yola

Da zarar an fara bitar maniyyata a Jimeta, sai maganar kayan tafiya ta cika majalisun Limawa, kuma ba a rasa mai sako zancen reza. Wani ya ce an hana ta kwata-kwata, ko a babbar jaka aka hango ta sai an fasa kayanka. Wani ya ce ƙarya ne, shi da tasa ya je Abuja ya dawo ba wanda ya ce masa uffan. Na uku kuma ya kawo dabara: a tsaga sabulu a cusa ta ciki, wai na'ura ba ta ganin cikin sabulu. Na farko da na biyu kowanne ya riƙo wani gefe na gaskiya. Na ukun ne zai ja wa mutum jin kunya a gaban jama'a.

Jami'in tsaron da ke bakin na'ura a filin jirgin saman Yola, filin da tun 2023 ake kira da sunan Lamiɗo Aliyu Musɗafa, abu biyu yake dubawa. Shin kaifin yana fita tsirara har a iya riƙe shi a yanki mutum? Sannan a wace jaka yake, wadda za ka shiga jirgi da ita ko wadda aka auna aka tura ƙasan jirgi? Duk sauran bayani daga nan ya taso.

Reza mai mariƙin roba, irin ta Bic ko Gillette da ake sayarwa a shagunan unguwa da babbar kasuwar Jimeta, kaifinta a manne yake cikin kanta, ba ya cirewa sai an fasa ta. Wannan tana shiga jakar hannu. Haka ma wadda ake sauya mata kai, tunda shi ma kan a rufe yake da roba. To amma reza tsirara, 'yar falle ɗin nan mai baki biyu da ke zuwa a naɗe cikin takarda, irin su Tiger, ba ta shiga jakar hannu ko aljihu, ko da sabuwa ce fil ba a ɓare ta ba. Askar wanzami ma haka. Mariƙin ƙarfen nan da ake kwancewa a ɗora masa reza zai wuce idan babu reza a kansa. Dukkansu kuwa babu laifi a babbar jaka, muddin an naɗe su yadda ba za su yanki mai bincike ko mai ɗaukar kaya ba. Ke nan maganar cewa an hana reza gaba ɗaya ba ta da tushe.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne rezar da suka manta da ita. A nan gida reza ba ta aski kaɗai ba ce. Da ita dattijo ke yanke farce bayan ya fito wankan Juma'a, da ita malam ke feƙe alƙalami, da ita ake warware ɗinki. Saboda haka za ka same ta a lungun walat tsakanin katin banki da tsohon rasit, ko a bayan rigar waya, ko a naɗin hula, ko cikin 'yar jakar gafakar da ake saka carbi da asuwaki. Mai ita ya rantse ba shi da wani ƙarfe a jikinsa, kuma da gaske yake, sai ga shi an zazzage walat ɗin a kan tire ta faɗo. Daren tafiya ya kamata a zauna a lalube waɗannan wuraren ɗaya bayan ɗaya.

Ita kuwa dabarar sabulu, wanda ya ƙirƙiro ta bai taɓa tsayawa bayan allon na'urar ba. Na'urar tana haska jaka ne kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, sai dai tana rarrabe kaya da launi. Sabulu da tufafi da abinci sukan fito ruwan lemo, ƙarfe kuma shuɗi ko baƙi-baƙi. Reza a tsakiyar sabulu ta fi fitowa fili a kan rezar da ke cikin tarkacen makullai da tsabar kuɗi. Kuma akwai bambanci babba tsakanin mantuwa da ɓoyewa. Wanda ya manta, abin da aka saba shi ne a karɓe a jefa a kwandon da aka tanada, ya ɗauki jakarsa ya wuce. Wanda aka ga ya tsaga abu ya cusa kaifi ya liƙe, ya ba jami'i dalilin ware shi gefe da tambayoyi, jirgi kuwa ba ya jiran kowa.

Wanda ya ce shi ya wuce da tasa, mai yiwuwa ba ƙarya yake ba. Ko dai irin ta roba ce da dama an yarda da ita, ko kuma ido ya kuskure a ranar. Kuskuren jami'i ɗaya a Yola ba ya zama izini a Abuja, balle a Jidda ko Madina ranar dawowa. Haka nan zancen cewa jirgin alhazai ko jirgin cikin gida ba ya cikin dokar, shi ma ba haka ba ne. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ce ke shimfiɗa ƙa'idar tsaro a Najeriya bisa tsarin ICAO, ƙungiyar sufurin sama ta duniya da ke Montreal, jami'an hukumar filayen jiragen sama, FAAN, kuma ke aiwatarwa a bakin ƙofa. Tsananin ya samo asali ne daga harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, inda mutum 19 suka ƙwace jirage huɗu da ƙananan wuƙaƙe, irin waɗanda dokar wancan lokaci ba ta hana shiga da su ba. Kuma ko abu yana cikin waɗanda aka halatta, maganar ƙarshe ta jami'in da ke gabanka ce. Musu da shi ɓata lokaci ne a kan kayan da bai kai kuɗin Keke Napep daga Limawa zuwa filin ba.

Kumfar aski da man aski suna ƙarƙashin wata dokar daban, ta kayan ruwa, wadda aka kafa bayan 'yan sandan Birtaniya sun bankaɗo shirin tarwatsa jirage da sinadaran ruwa a watan Agusta 2006. A tafiyar ƙasa da ƙasa, mazubin da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu, kuma girman mazubin ake dubawa, ko da saura kaɗan a ciki. Babban gwangwani sai babbar jaka. Tsoron cewa zai fashe a can ƙasan jirgi ba shi da ƙarfi, domin wurin kaya ma ana daidaita iskarsa. Abin da ake nema shi ne murfinsa ya zauna daram, kuma gwangwani ɗaya kada ya wuce rabin lita.

Kilifa tana shiga kowace jaka. Idan mai caji ce kuma ka sa ta a babbar jaka, ka tabbata a kashe take kuma ba abin da zai danne makunninta. Batirin lithium na ajiya da abin cajin tafi-da-gidanka kuwa akasin reza suke: jakar hannu kawai, saboda idan suka kama wuta gara a ce a gaban ma'aikatan jirgi ne.

Akwai magana guda da ake yi a majalisa wadda gaskiya ce tsantsa, kuma ita ce ke sa maniyyata nacewa sai sun tafi da rezarsu: haɗa reza da wani yana yaɗa cuta. Ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau duk ta jini suke bi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7. Ranar 10 ga Zulhajji, bayan jifa, dubban ɗaruruwan maza ke neman aski cikin 'yan sa'o'i a Mina. A irin wannan turmutsitsin ne masu aski na bakin hanya ke bin kawuna da reza ɗaya, kai ya ɗan yi jini a goge a kama na gaba. Shi ya sa hukumomin lafiya na Saudiyya ke nanata a je wurin masu aski masu lasisi da ke amfani da reza sau ɗaya su yar. Wanda ya san darajar wanzamin gidansu a Jimeta ya san ba a miƙa kai ga kowa. A can ɗin ma hakkinka ne ka ce a ɓare sabuwa a gaban idonka, kuma in abokin ɗakinka ne zai yi maka, kowa da tasa.

Sai dai wannan gaskiyar ba ta wajabta ɗaukar reza tsirara daga gida ba. Ba wanda ke aski a cikin jirgi, kuma da zarar an ɗaura harami aski ya haramta sai an kammala. Reza kuwa tana nan jibge a shagunan Makka da Madina. Maniyyata da yawa da ƙaramar jakar hukuma mai kilo 8 kaɗai suke tashi, don haka abin tambaya a wurin bita shi ne ko jakar za ta shiga ciki tare da kai ko za a karɓe ta a wurin awo. In tare za ku shiga, zuba na roba guda uku ko huɗu ka bar sauran a gida. Hajiya da za ta rage gashi gwargwadon gaɓar yatsa takan so ɗan almakashi. A ƙa'idar ƙasashe da yawa ana barin wanda bakinsa bai wuce santimita 6 ba, amma shi ne abin da jami'ai suka fi saɓani a kansa, gara ya bi babbar jaka ko a saya a can. Abin yankan farce yakan wuce, sai dai irin mai 'yar wuƙa a naɗe a jikinsa.

A dawowa ne aka fi asara. Ana karɓar manyan jakunkunan alhazai a auna tun kwanaki kafin tashi, sai mutum ya koma kasuwa ya ga fakitin reza ko almakashi mai kyau ya saya wa wanzaminsa ko telansa tsaraba, alhali jakar hannu kaɗai ta rage masa. Duk tsarabar da ke da kaifi a saye ta kafin ranar awo.