Dalilin Da Ya Sa A Ke Auna Ruwan Tafkin Ikko

Duk wanda ya haye doguwar gadar nan da ta haɗa tsibirin Ikko da tudu zai ga wani makeken ruwa a kwance, kwale-kwale na kai da komowa a kansa. Wannan shi ne Tafkin Ikko, watau ruwan da ke tsakanin birni da teku. Kogin Ogun na kwararowa cikinsa daga arewa, ruwan gishiri kuma na shigowa ta mashigar jiragen ruwa. Dubban masunta a nan su ke samun abinci, kifinsu kuwa har kasuwannin birni ya ke zuwa, inda kowa da kowa ke saye.

Amma fa duk abin da masana'antun Ikeja da Apapa da Ilupeju su ka saki cikin lambatu, ƙarshensa wannan tafki ne: rinin masaƙu, da baƙin mai, da dattin ma'aikatun fenti da batir. Masu zarton katako na Oko-Baba su ma sun shekara da shekaru suna zuba garin katako a bakin ruwa. In garin ya ruɓe, sai ya cinye iskar da kifi ke shaƙa.

Ya kamata jama'a su sani cewa mugunyar guba ba ta cika nuna kanta ba. Ruwa na iya zama garau alhali kuwa akwai dalma ko zaiba a cikinsa. Abin da ya auku a Minamata, wani lungun teku a ƙasar Japan, ya isa misali. Tun daga 1932 masana'antar kamfanin Chisso ta ke zuba ruwa mai zaiba a wurin. Zaibar ta kwanta cikin laka, ƙananan halittu su ka ci, kifi ya ci su, mutane su ka ci kifi. Kyanwoyin garin su ka fara tangaɗi suna faɗawa teku, ba wanda ya gane dalili. A 1956 likitoci su ka ba da labarin wata cuta mai kama hannu da ƙafa da harshe, amma sai a 1968 gwamnatinsu ta tabbatar da tushenta. Fiye da mutum 2,000 a ka tabbatar sun kamu, kuma sai a 1997 a ka ce kifin wurin ya ciwu.

Saboda haka ne ma'aikata ba su tsayawa ga ɗiban ruwa kawai. Su kan ɗebo laka daga ƙasan tafki, domin a nan guba mai nauyi ta ke taruwa, sa'an nan su yanki naman kifi su gwada. A kan maimaita awon da damina da kuma rani, saboda ambaliyar damina tana tsarma ruwa ta ɓoye datti. Awo guda ba ya da wani amfani, sai an jera na shekaru a ke ganin ko abu gaba ya ke yi ko baya.

Mu ma a ƙasar nan sai da mu ka ji jiki. A 1988 a ka gano dubban ganguna na dattin masana'antu da a ka kawo daga Italiya a ka jibge a Koko, wata ƙaramar tashar jiragen ruwa cikin tsohuwar Jihar Bendel. A wannan shekara Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da irin wannan datti, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. Dokar 1992 ta wajabta binciken illar da babban aiki zai jawo tun kafin a kafa harsashinsa. Tun daga 2007 hukumar NESREA ce ke bin masana'antu don tabbatar da sun tace ruwansu kafin su sake shi.

Ma'aikata dai ba za su iya kwana a bakin kowane lambatu ba, mai son zuba datti kuwa dare ya ke jira. Masunci shi ne zai fara ganin matattun kifaye a kan ruwa, ko ruwa ya sāke launi, ko wari ya tashi inda da babu. Wanda ya ga haka kada ya kwashi kifin ya kai kasuwa. Ya lura da wurin da ranar, ya sanar da ofishin NESREA ko hukumar muhalli ta jiharsa tun ruwa bai wanke alamar ba.