Abin da Kirista Suke Nufi da Tsarki

Mutumin Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, in ya ji an ce tsarki, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne buta da ruwa. Saboda haka in ya ga maƙwabcinsa Kirista ya shiga majami'a ba alwala, ga takalmi a ƙafa, sai ya ce mutanen nan ba su san tsarki ba. To, sun san shi, sai dai ma'anarsa a wurinsu dabam ce. Ya kamata mu gane ta, gama rashin sani yakan ɓata zaman tare.

Da fari, sun ce Allah ne tushen tsarki. Mutum, ko wuri, ko rana, ba ya samunsa sai an keɓe shi domin Allah. Shi ya sa da aka gama juya littafinsu da Hausa a 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya sha wahalarsa, aka kira shi Littafi Mai Tsarki.

Na biyu shi ne tsarkakewa. Ga misali. Manomin albasa a fadamar Rima yakan cire iri ya dasa a rana ɗaya, amma ban ruwa da cire ciyawa sai an yi watanni. Haka nan, in ji su, ran da mutum ya tuba ya gaskata da Almasihu, an keɓe shi ke nan. Daga nan Ruhu Mai Tsarki zai yi ta gyaran zuciyarsa, yana tumɓuke ƙarya da hassada da girman kai.

A nan malamansu suka saɓa. Wani malamin Ingila, John Wesley, wanda ya rasu a 1791, ya koyar cewa ƙauna tana iya cika zuciyar mutum tun yana duniya. Waɗansu kuwa suka ce aikin ba ya ƙarewa sai bayan mutuwa.

Amma duka sun yarda a hali ake ganewa: cika mudu, biyan bashi, da taimakon marar gata. Don haka ne tun kafin 1940 'yan mishan suka shiga jiyyar kutare a Amanawa, kusa da Sakkwato.

To, in kana so ka auna Kirista da ma'aunin addininsa, dubi mudunsa a kasuwa.