Jami'a da Tukunyar Mazarƙwaila

Shirinmu na musamman na yau yana zuwa muku ne daga Nyanya, a bakin iyakar Abuja da Jihar Nasarawa, kuma batunmu shi ne haƙƙin da ke wuyan jami'o'inmu na fito da ilimin noma zuwa hannun matasan birni.

Aikin ba baƙo ba ne a Arewa. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru da ke Zariya, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 cibiyar binciken ta koma ƙarƙashinta. Daga can aka fito da irin masara na SAMMAZ, da waken SAMPEA, da gyaɗar SAMNUT. Cibiyar NAERLS, ita ma a Zariya, aikinta isar da sakamakon bincike ga malaman gona da manoma. An yi ƙoƙari, babu musu. Sai dai galibinsa a bakin gona yake tsayawa, alhali riba mai tsoka tana wajen sarrafa amfani bayan girbi.

Ku dubi mazarƙwaila. Raken da ake nomawa a fadamun Makarfi ake matsewa, a dafa ruwan har ya yi kauri, a zuba ya daskare. Sana'a ce ta iyaye da kakanni, amma tana cin itace, ba a cika samun inganci iri ɗaya ba, kuma a buɗe ake tallarta, shi ya sa ba ta shiga manyan kantunan Wuse. A Amurka akwai makamanciyarta: ana tatsar ruwan bishiyar mafal, a dafa kimanin lita 40 kafin a samu lita ɗaya ta zaƙi mai kauri. Jami'o'in Cornell da Vermont ba su raina wannan ba. Sun ware masana da ke nazarin tatsa da dahuwa da adanawa, suna koyar da masu sana'ar, bisa tsarin da wata dokar ƙasar ta 1914 ta shimfiɗa. Don me raken namu ba zai samu wannan gata ba?

Wani zai ce ai Nyanya ba ta da gonaki, matsugunin ma'aikata ne da ke sammako zuwa cikin birni. Haka ne, amma wannan hujja ce a gare mu. Mai tace ruwan rake, ko busar da tumatir, ko ƙulla kaya cikin tsabta, ba fili yake nema ba. Ɗaki yake nema, da horo, da masu saye, ga su kuwa maƙil daga Nyanya har Mararaba da Karu. Wani kuma zai ce wannan aikin malaman gona na gwamnati ne. To, su ɗin sun yi ƙaranci, kuma ɗakin gwaje-gwajen da zai tabbatar da tsabtar abinci a jami'a yake.

Jami'ar Abuja tana da tsangayar noma a yankin Gwagwalada, Jami'ar Jihar Nasarawa kuma tana Keffi, a kan titin da ya ratsa Nyanya. Su buɗe ajin ƙarshen mako a makarantun sakandaren nan, ɗaliban shekarar ƙarshe su riƙa koyarwa a matsayin aikin kammala karatu, a haɗa da lissafin jari da hanyar yin rajista da NAFDAC.