Bindigar da ke naushin mai ita: saɓanin mafarautan Mada kan ƙota

A yankin Mada da ke ƙaramar hukumar Gusau, mafarauci kan fara duba ƙotar bindiga kafin ya tambayi kuɗinta. Harba-ka-ruga idan ta tashi naushi take yi da baya, kuma kafaɗar mai ita ce ke karɓa.

Ra'ayi ya rabu. Dattawa sun fi son ƙota mai kauri da faɗin gindi, domin nauyin itacen na shanye naushin. Matasa kuwa marar nauyi suke nema, wadda za su rataya su wuni a daji tsakanin Tsafe da Bungudu. Sai dai ita ce ta fi bugu. Wanda ta taɓa kumbura wa kafaɗa kan runtse ido kafin ya ja kunama, saitin ya kauce.

Hujjar dattawan ta fi ƙarfi. Bindigar harbi ɗaya ce, sai an sake ɗura albarushi, alhali 'yan bindiga AK-47 ke hannunsu. Kuskuren farko na iya zama na ƙarshe. Tun Yunin 2022, da gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar makami, zancen ya wuce na farauta.

Ko a Amurka ana irin wannan gardama. Ƙaramar bindigar Colt ta 1873 kan murɗa sama a tafin hannu idan ta tashi, shi ya sa masu harba manyan harsasai da yawa suka koma mariƙin Bisley, wanda ke tura bugun kai tsaye cikin hannu.