Maganin da ya warkar da ɓera, ya isa mutum?

'Yan kasuwa, musamman mata masu saida man shafawa, sun fara cin karo da wata kalma a jikin kwalabe: peptid. Wasu ƙananan sinadarai ne dangin furotin, waɗanda masana ke haɗawa a ɗakin bincike domin su ga ko za su hanzarta warkewar rauni.

Wanda ya fi yin suna shi ne BPC-157. Masu bincike a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, suna gwada shi tun farkon shekarun 1990. Sun ba da rahoton cewa gyambon ciki da yankakkiyar jijiya sun warke da sauri. To amma a jikin wa? A jikin ɓeraye. Gwajin da aka yi ga mutane kaɗan ne ƙwarai, bai isa a tabbatar da amfaninsa ko illarsa ba. A 2022 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta shi ga 'yan wasa.

Na man shafawa daban ne. Ɗaya daga ciki, GHK-Cu, Loren Pickart ya gano shi cikin jinin mutum a 1973, kuma a fata ake shafa shi.

Inda haɗari yake shi ne na allura, wanda ake tallarsa ta intanet. A jikin kwalbar sau da yawa an rubuta cewa na bincike ne kawai, ba na mutane ba. Ma'ana, in ya cutar, mai kamfani ya zare hannunsa. Ɗan kasuwar da ya saro ya saida, shi za a tsare da tambaya.