Ciwon damuwa ko ciwon maƙogwaro? Abin da gwajin jini ke iya bayyanawa

A Bariénou da sauran ƙauyukan Djougou, idan mace ta yi watanni tana kwance-kwance, ba ta son magana, tana kuka ba dalili, akan ce tunani ne, ko iska, ko sammu. Ba kasafai ake duba wuyanta ba. Amma a gaban maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda likitoci ke kira tiroyid. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Sinadarin da take zubawa cikin jini shi ke daidaita zafin jiki, bugun zuciya da kuzarin ƙwaƙwalwa.

Maƙoƙon da aka saba gani a arewacin Benin yawanci daga ƙarancin sinadarin ayodin yake, shi ya sa ake sa shi cikin gishiri. Akwai kuma wani ciwon daban, inda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi tiroyid kamar baƙuwar cuta. Likitan Japan Hakaru Hashimoto ne ya bayyana shi a 1912, ciwon kuma ya ɗauki sunansa. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma wuya ba lallai ya kumbura ba.

Idan tiroyid ta raunana, komai na jiki sai ya yi sanyi. Mutum ya riƙa jin kasala, mantuwa, yawan barci, bushewar fata, zubewar gashi, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, da jin sanyi ko a tsakiyar bazara. Da yawa daga cikin waɗannan alamu su ne na ciwon damuwa, shi ya sa ake rikita su.

Masana ba su gama daidaitawa kan ƙarfin alaƙar ba. Wani nazari da mujallar JAMA Psychiatry ta buga a 2018 ya nuna cewa masu ciwon Hashimoto sun fi sauran mutane fama da damuwa kusan ninki 3. Wani mafi girma a 2021 ya tabbatar da alaƙa tsakanin raunin tiroyid da damuwa, musamman ga mata, sai dai ba ta kai ƙarfin haka ba. Ke nan ba kowace damuwa ce ta tiroyid ba, amma ya kamata a duba.

Masu jego su fi kula. Kimanin mace 1 cikin 20 kan samu kumburin tiroyid a shekarar farko bayan haihuwa. Yakan fara da faɗuwar gaba da rashin barci, daga baya kasala da baƙin ciki su biyo.

Gwajin na jini ne, sunansa TSH, sai T4 da anti-TPO idan likita ya ga da buƙata. A tambaya a asibitin Ordre de Malte na Djougou ko babban asibitin koyarwa na Parakou. Maganin ƙwaya ce ɗaya, levothyroxine, da ake sha da sassafe kafin a karya kumallo, ba tare da maganin ƙarin jini ba, don ƙarfen da ke cikinsa yana hana ta shiga jiki. Ana sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Kada a saye ta a kasuwa, domin idan ta yi yawa tana rikita bugun zuciya.

Idan jini ya daidaita amma damuwar ba ta tafi ba, ita ma ciwo ce mai magani. Wanda kuma ya fara zancen ya gaji da rayuwa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira sakamakon gwaji.