'Yar Kujerar Yaro Bisa Takarda

'Yan'uwana ɗalibai, ga wani abu da na gani, na ce bari in ba ku labarinsa.

A ƙasar Amurka, daga 1935 zuwa 1942, sa'ad da aikin yi ya yi wuya, gwamnati ta ɗauki masu zane, ta sa su zana tsofaffin kayan gida da fentin ruwa. Suka yi zane fiye da 18,000, ana ce da su Index of American Design, suna ajiye a National Gallery of Art cikin birnin Washinton. Har da kujerun yara da gadon jariri mai lilo a ciki. Ba mutum, ba ɗaki, sai kujerar kaɗai bisa farar takarda.

Da fari na ce, wannan wane irin ɓata lokaci ne? Amma da na duba sosai sai na gane. Fentin ruwa ba ya rufe takarda kamar fentin mai. Mai zane yakan fara da launi mai haske, ya bari ya bushe, sa'an nan ya ƙara mai duhu bisansa. Inda itace ya yi sulɓi kuwa, sai ya bar farin takarda ya leƙo. To, a wurin nan ne za ka san yaro ya daɗe yana zama a kai.

Da aka aike ni gwajin koyarwa a Gashuwa, na ce wa 'yan ajina kowa ya zo da 'yar kujerar tsuguno ta gidansu. Kaɗan suka samu, saura suka ce tasu ta roba ce. Ni ma da na je gida Nguru, na iske tawa, wadda aka sassaƙa mini da itace guda, an hura wuta da ita.

Waɗanda aka kawo muka jera su bakin taga. Ba mu da fentin kanti, sai muka jiƙa jar ƙasa da shuni da garin gawayi. Wahalata ɗaya ce, watau yara suna so su gyara abin da suka gani. Ƙafar da ta karkace su miƙe ta, tsaga kuwa su ɓoye ta. Na ce musu a'a, abin da ke gabanku shi za ku zana. Wata yarinya ta zana har tabon ƙuna a gefen tata, ta ce ran da ƙanenta ya jawo ta kusa da murhu ne. Zanenta shi na manna a bangon aji.